Sauda Ta Shanya Kafen Mijinta

Akwai wata mata a unguwar Garkawa cikin garin Tahoua, sunanta Sauda. Jama'a, in ana maganar ajiyar wake, matar nan ba ta da na biyu. 'Yar Bambeye ce, a hannun kakarta ta koya, kuma tun da aure ya kawo ta birni ba a taɓa buɗe bidonta, wato jarkar ajiyarta, aka ga ƙwaro ko ɗaya ba.

Da kaka mata har layi suke yi a ƙofar gidanta. Ita ce mai cewa a shanya wake kwana uku cur a rana, a gauraya shi da toka da garin barkono da busasshen ganyen dogon yaro, a ɗura a bidon roba a toshe. Waken da Sauda ta sa wa hannu shekara yake yi sumul, kamar jiya aka kawo shi daga gona.

Sai dai yabo ya yi mata yawa har ya hau kai. Sauda ba a ƙarasa mata magana. Kana buɗe baki za ta ce, "Na sani." Ko hanya za ka kwatanta mata, kafin ka kai kwana ta biyu ta riga ta juya ta tafi.

Mijinta Jibrilla shekara goma sha biyu yana zuwa Abijan neman abinci, kamar yawancin mazan yankinsu na Adar. Ya zo gab da damina ya yi noma, ana gama kaka ya ɗaure jaka. 'Yarsu Jannatu ta kai shekara tara, amma ta fi sanin muryar ubanta a waya da zamansa a gida. Abin nan yana cin Sauda a rai ƙwarai, ko da yake ba ta faɗa wa kowa. Ta gaji da rakiya zuwa tasha.

A can Abijan, Jibrilla a gidan shan kafe yake aiki. Kafe na gaske fa, wanda ake soya ƙwayarsa a niƙa a dafa, ba na 'yar leda da mai shayi ke kaɗawa da cokali ba. Da wankin finjali ya fara, har ya zama shi ne mai haɗawa.

Rannan wani ɗan kasuwa mutumin Abalak, Alhaji Aghali, ya je sayayya Abijan ya sha kafen hannunsa. Ya ji Hausar Adar a bakin mai haɗawa, hira ta ɓarke. Ashe Alhaji ya gina sabon otel a Tahoua kan hanyar Agadas, yana neman wanda zai riƙe masa ɓangaren kafe.

"Amma nan da injin ubangidanka da kayansa kake aiki," in ji Alhaji. "Ka zo Tahoua da kafenka da hannunka, ka dafa mini in sha. In ya yi kamar wannan, wuri naka ne. In bai yi ba, akwai wani a Yamai da ke jira."

Da Jibrilla ya kira gida ya faɗa, Sauda ta saki waya ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi.

"Baban Jannatu zai dawo! Dawowa ke nan, babu komawa!"

Ranar ko tuwo kasa tuƙawa ta yi, sai maƙwabciyarta kuma aminiyarta Rahama ce ta karɓi muciya.

Jibrilla yana da sauran mako uku ya cika watansa a wurin aiki, kuma shi da kansa zai ɗauko injin niƙa da tukwanen dafawa. Don haka ya sayi kafe mai kyau kilo goma, ya ba wani direban babbar mota mai suna Idrisa ya yi gaba da shi. Jakunkuna biyu ne masu ƙyalli, an like bakinsu gam, ko allura ba ta samu hanya ba.

Kaya suna isowa, sai ga saƙon murya daga Abijan. Minti bakwai.

Sauda ta danna, Rahama na zaune a gefe tana tsinkar zogale.

"Sauda, ki saurare ni da kyau. Abin da ke cikin jakunkunan nan ƙwaya ce awa wake, amma ajiyarta…"

Nan ta kashe. Ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Wake? Ni za a koya wa ajiyar wake?"

"Yaya Sauda, ki bari ya ƙarasa mana," in ji Rahama. "Minti bakwai fa bawan Allah ya yi yana magana."

"Minti bakwai! Namiji ya tahi birni ya dawo yana nuna ma mace hanyar murhu. Rahama, wanga gida wa ke ajiye wake, ni ko shi?"

"Ke ce. Amma matambayi ba ya ɓata."

"Wanda bai sani ba shi ka tambaya. Dubi yadda sunka like abu cikin leda, ga zahin bazara. Ai gumi zai yi ya ruɓe kahin mai shi ya iso. Miƙo mini wuƙa."

Ta tsaga jakar farko.

Kai jama'a! Wani ƙamshi ya tashi wanda ba a taɓa jin irinsa a gidan nan ba. Rahama ta saki zogale ta lumshe ido. Sauda ta ɗebo ƙwayar a tafin hannu: baƙa-baƙa, tana sheƙi, ga tsaga a tsakiya.

"Kin gani? Wake ne, sai dai baƙi."

Ta tsaga ta biyu ma. Ta shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida inda rana ta fi duka, ta baza kilo goma ɗin nan tas.

Ranar farko ƙamshi ya kai har bakin masallaci. 'Yan kabu-kabu suna tsayawa a ƙofar gida suna ɗaga hanci. Mata suka yi ta shigowa, wannan ta ɗebo ta shinshina, wannan ta tauna ɗaya ta tofar. Sauda na tsaye da faifai tana juya ƙwaya, baki har kunne.

"Ku shaƙa, ku shaƙa! Ƙamshin Abijan ne, kyauta!"

Rana ta biyu ƙamshin bai wuce gidajen maƙwabta ba. Rana ta uku sai mutum ya sunkuya kan tabarma kafin ya ji wani abu.

"Yaya, ƙamshin fa ya ragu," in ji Rahama.

"Ya shige ciki ne."

Allah sarki Sauda. Ni dai da aka zo nan a labarin sai da na dafe kai. Ƙamshin da unguwa ta yi kwana uku tana shaƙa, shi ne dukiyar gaba ɗaya, kuma wanda ya fita ba ya komawa.

Da yamma ta tankaɗe toka mai laushi, ta daka barkono, ta murje ganyen dogon yaro. Don abin na maigida ne, har ƙari ta yi a kan yadda ta saba. Ta gauraya, ta ɗura a bido, ta toshe bakin da leda ninki uku, ta kai ƙuryar ɗaki ta ɗora a kan yashi. Ta karkaɗe hannu tana cewa ko shekara biyu ya yi ƙwaro bai isa ba.

Ranar Litinin Jibrilla ya sauka. Zo ka ga murna! Sauda ta sha lalle, an yanka kaji, an dama fura da nono mai kauri. Adaidaita biyu suka kwaso kaya daga tasha, Jannatu na maƙale da hannun ubanta ta ƙi saki. 'Yan uwa da abokai suka cika gida, kowa na "Barka da hanya, barka da dawowa gaba ɗaya!" Jibrilla yana ta dariya yana cewa su bari sai jibi Laraba, ranar da Alhaji zai sha kafe.

Washegari da safe bayan an karya, ya kwance kwali ya jera kayan aikinsa a kan tabarma yana gogewa.

"Sauda, ina amanata?"

Ta shiga ɗaki da rawar jiki, ta jawo bido ta dire a gabansa.

Jibrilla ya dubi bido, ya dube ta.

"Ina jakunkunan?"

"Na yi maka abin da ya hi jaka. Buɗe ka gani."

Ya kwance leda, ya kai hanci. Atishawa! Ya sake. Ya sake ta uku har hula ta faɗi. Ya zura hannu ya ɗebo: ƙwaya ta yi fari fat da toka, ga ɓarɓashin ganye, ga jan barkono. Ya hure ɗaya ya fasa ta da haƙori ya shinshina. Sai ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Kwana nawa ya yi a buɗe?"

"Uku, cikin rana mai kyau. Ni da kaina nike juyawa."

"Kin saurari saƙona?"

Nan Sauda ta sha jinin jikinta.

"Na saurara… farkonsa."

Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Ya ɗauki wayarta ya nemo saƙon, ya danna, ya ajiye mata a kan tabarma, ya fita ƙofar gida.

Muryarsa ta fito daga wayar cike da fara'a.

"…ƙwaya ce awa wake, amma ajiyarta ba ta wake ba ce. Na san halinki, don Allah kar ki yi mata gwaninta. An riga an soya ta, ba ruwanta da ƙwari. Abin da ake saye a jikinta ƙamshi ne. Kar ki buɗe jakar ko kaɗan. Iska na kwashe shi, rana na kashe shi, zahi ma haka, laima kuwa ta hi su duka ɓarna. Kuma duk abin da ya zauna kusa da shi sai ya ɗauki warinsa, ko albasa, ko turare, ko sabulu. Ki sa shi ƙuryar ɗaki inda ba haske, nesa da murhu. Aikin ke nan, ki bar shi kawai. Ki ce ma Jannatu bana ni zan kai ta lakwal da kaina ranar komawa karatu."

Ya ci gaba da bayani yana wasa da dariya. Duk abin da ya ce kar a yi, ta yi shi, har da wanda bai taɓa zaton mutum zai yi ba. Da na sani ƙeya ce.

Amma Sauda ba macen zama ta rafka tagumi ba ce. Ta miƙe zumbur ta leƙa katanga.

"Rahama! Kira mini mata! Kowa ta zo da faifai da rariya da tsumma mai tsabta!"

Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Wasu na bakace, wasu na tankaɗe, toka na tashi, kowa na atishawa da hawaye. Wasu suka zauna suna goge ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ɗauko bokitin ruwa za ta wanke, Jibrilla ya shigo da gudu yana "A'a Inna, a'a! Ban da ruwa!"

"Zai yi! Wallahi zai yi!" Sauda ke faɗa tana zagaye. "Ku duba, ya fara sheƙi!"

Zuwa la'asar an tara tiya guda, baƙa wuluk kamar ba abin da ya same ta. Har Jibrilla sai da ya ɗan sa rai. Ya niƙa, ya ɗora ƙaramar tukunyarsa ta ƙarfe a kan garwashi. Mata suka kewaye shi.

Ya tsiyaya a finjali, ya kurɓa. Ya miƙa wa Sauda.

Ta kurɓa. Da farko ruwan ɗaci ne salam, babu ƙamshi ko na ɗigo. Sai barkono ya shaƙe mata maƙogwaro. Sai ɗacin dogon yaro ya biyo baya ya zauna a harshe. Ta yi ta tari har Rahama na bubbuga mata baya.

Mata suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa na "Allah ya kyauta."

Bayan an watse Jibrilla ya fara mayar da kayan aikinsa cikin kwali.

"Gobe zan ce ma Alhaji kaya sun lalace a hanya. In an gama noma in koma wurin ubangidana, bai sa kowa a gurbina ba tukuna."

"A hanya? Ka ɗora ma Idrisa ke nan. Mutumin da ya kawo kaya lahiya lau, ko ƙura babu."

"To in ce mi? In ce matata? Sauda, duk garin ga an san ki da gwaninta. In maganar ga ta kai kunnen manya a otel, har kasuwa sai an yi miki waƙa. Ni na iya komawa Abijan, na saba."

Kun ji namiji. An ɓata masa gumin shekara, shi kuma sunanta yake karewa.

Gaskiya Sauda ta so ta yi shiru. Sunan nan nata shi ne abin da take taƙama da shi a duniya. Amma ta dubi kwalin da yake ɗaurewa, ta tuna shekara goma sha biyu tana kallon hannun nan yana ɗaure kaya. Zuciyarta ta ce ba za ta iya ta goma sha uku ba.

Laraba da hantsi ta sake dafa kafen jiya da kanta, ta juye a fulas, ta yafa mayafi.

"Maigida, ɗauko kayan aikinka. Tare za mu."

"Ina?"

"Wurin Alhaji."

"Sauda, kar ki…"

"Na ƙi jin maganarka sau ɗaya na ga abin da ya hito. Yau ma zan ƙi, amma ta yau ka yahe mini. Taso."

Suka iske Alhaji Aghali a farfajiyar otel, ya sha rawani, da abokansa biyu da ya gayyato su ɗanɗana. Ya tare su da fara'a.

"Madalla! Har da uwargida? To a ɗora tukunya."

Sauda ta rusuna ta gaishe su. Kafin Jibrilla ya buɗe baki, ta tsiyaya abin da ke fulas a finjali ta miƙa da hannu biyu.

"Alhaji, kahin ka ji komai, ɗanɗana wanga."

Alhaji ya sassauta rawani daga baki, ya yi bisimilla ya kurɓa. Ido ya yi ja. Tari ya sarƙe shi, ya miƙe tsaye yana neman ruwa da hannu.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, mene ne wannan? Maganin shawara?"

"Kafen Abijan ne, Alhaji, mai kyau. Kilo goma mijina ya aiko, direba ya kawo lahiya. Ni ce na buɗe, na shanya shi kwana uku a rana, na zuba mishi toka da barkono da ganyen dogon yaro, yadda nike ma wake. Ya aiko mini da bayani, na ƙi saurara don ina ganin na hi shi sani."

Abokan Alhaji suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace. Ɗaya har da riƙe ciki, ɗaya yana maimaitawa, "Toka! Da barkono!" Jibrilla ya sunkuyar da kai. Sauda na tsaye, kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ba ta gusa ba.

"Ku yi dariya, na ci a yi mini. Sai dai abin da Alhaji ya sha aikina ne. Hannun mijina ba a gwada shi ba tukuna. Don Allah kar a yanke mishi hukunci da laihina."

Alhaji ya share hawayen tari, ya daɗe yana kallonta.

"Na yi kasuwanci daga nan har Tamanraset," ya ce, "ban cika ganin wanda ya tako da ƙafarsa ya tona kansa ba. To, ina da sauran rabin jaka da na zo da ita daga Abijan. Ni nawa na ajiye shi inda ya kamata, cikin firigo mai sanyi. Sa'idu! Kawo kafen nan!"

Sa'idu, kukun otel, ya kawo jakar, bakinta a lanƙwashe an ɗaure da kyauro. Jibrilla ya buɗe ya kai hanci. Ya ɗaga kai, ya sake shinshinawa. Sai ya tsaya yana juya jakar a hannu.

Sauda ta gane akwai magana. Ta ce a hankali, "Faɗi."

"Alhaji, ka gafarce ni. Jakar ga ana hiddo ta ana mayarwa, kullum tana yin gumi, ƙwayar ta sha laima. Kuma akwai kihi kusa da ita. Soyayye."

Sai Sa'idu ya tafa hannu.

"Kihin Tabalak! Wallahi tun ran Juma'a yana can, a kwano ɗaya bisa jakar!"

"La ilaha illallahu!" Alhaji ya dafe rawani. "Shi ya sa! Kwanan nan in na sha sai in ji wani iri. Na ce ruwan Tahoua ne, na ce ko harshena ne ya tsufa. Ashe kifi nake sha!"

Abokansa suka koma kansa da dariya, wannan karon har da buga ƙafa. Shi ma ya biye musu. Ya nuna Sauda da yatsa.

"Uwargida, ashe ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu! Ke rana, ni firigo."

"Firigo ba wurinsa ba ne, Alhaji," in ji Jibrilla, murya ta fara dawowa. "Mazubi mai murfi gam, wuri mai duhu da sanyi-sanyi, ba kusa da abinci ba. Kuma ba a niƙa sai wanda za a sha a lokacin."

"To ga shi nan, da kifinsa da komai. Nuna mini abin da hannunka zai iya."

Jibrilla ya zazzage ƙwayar a faranti, ya tsince ta tsakiya wadda warin bai kama sosai ba. Ya niƙa, ya auna ruwa, ya tsaya kan tukunya ko ƙiftawa ba ya yi. Sauda na gefe, ta damƙe bakin mayafi, duk addu'ar da ta sani ta karanta.

Alhaji ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya miƙa wa abokansa, ya karɓe kafin su shanye.

"Da kafen da ya kwana da kifi ka yi wannan? To in ka samu mai kyau fa?" Ya ajiye finjali. "Hancin nan nake nema a gidan nan. Na Yamai ya yi haƙuri. Yau ka kira Abijan a ɗoro wani, ɓangaren kafe ya jira mako biyu, ba a kan wuta muke ba."

Sauda ta manta a gaban manya take. Guɗa ta kuɓuce mata, har masu shara suka fito da tsintsiya a hannu.

"Sai dai tambaya ɗaya," in ji Alhaji yana dariya. "In sabon ya iso, wa zai ajiye? Ni dai kun ga an kore ni."

"Sauda," in ji Jibrilla.

Kowa ya juyo.

"Duk Adar babu mai toshe bakin mazubi kamarta, iska ba ta samun hanya. Toka kawai za ta bari a murhu."

Sauda ta dubi mijinta, idonta ya kawo ruwa.

"Sai ka koya mini tun daga farko. In ka ga na buɗe baki, ka ce in ruhe."

Labari kuwa ya zaga gari, kamar yadda Jibrilla ya faɗa. Har yau akwai matan da ke tsokanarta a gidan biki, "Gwana, a sa miki barkono a kafen?" Ita ce ke fara dariya. Da sabon kaya ya iso, jaka ɗaya kawai ake buɗewa a lokaci guda. Sauda ta raba ta a ƙananan kwalabe, kowace ta mako ɗaya, ta toshe, ta jera a cikin akwatin katako a ɗakin da rana ba ta leƙawa. Matafiya Agadas suka fara tsayawa musamman don finjali ɗaya.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka ɗaure dammuna. Lokacin tafiyar maza ya yi.

Wata ranar Asabar da azahar Sauda na tsakar gida ta ji ƙahon babbar bas daga tasha. Gabanta ya faɗi, kamar yadda ya saba faɗuwa duk shekara. Ta fito ƙofar gida. Ga matan unguwa suna wucewa da jakunkunan mazajensu a ka, yara na biye, kowa fuska ba walwala. Rahama na cikinsu, ta ɗaga mata hannu ta wuce.

Sauda na nan tsaye sai ga Jibrilla ya ɓullo ta ɗaya kwanar, ya taso daga aiki cin abincin rana, rigarsa duk ƙamshin kafe.

"Sauda, akwai sauran hura? Yunwa nike ji."

Sai kawai ta fashe da kuka a bakin ƙofa.

"Subhanallahi, mi ya faru?"

"Ba komai," ta ce tana share ido da bakin zane. "Shiga ka zauna, yanzu in dama maka."

Darasi: Kama da wane ba wane ba ne. Gwanintarka a abu ɗaya ba ta ba ka ilimin kowane abu ba, don haka in ana yi maka bayani ka bari a kai aya, ko da kana ganin ka sani. In kuma girman kai ya riga ya kai ka ya baro, kar ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Fito ka ce "ni ne," domin gaskiyar da Sauda ta faɗa ita ta zaunar da mijinta a gida. Masu shan kafe kuma ku riƙe: a toshe shi gam, a raba shi da rana da zafi da laima da duk abu mai wari. Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai, musamman wancan naku mai yawan cewa "na sani," ku ce masa ya karanta har ƙarshe.